Tsohuwar Jif Ko Harsashin Gida?



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau, wani zai ji shi kamar hirar masu hannu da shuni, ya ce ina ruwan ɗalibin da har yanzu garin rogo ne abincin darensa da maganar sayen mota ko gina gida? To, amma ba a fafe gora ranar tafiya. A cikinmu akwai waɗanda bana za su karɓi digiri, baɗi su gama bautar ƙasa. Akwai kuma waɗanda kowace damina sukan koma gida su yi noma, har su ajiye 'yan buhunan masara na kansu. Ko ba daɗe ko ba jima wani ɗan kuɗi zai taru a hannun kowannenmu, kuma inda mutum ya jefa kuɗinsa na farko, sau da yawa can rayuwarsa kan bi. Mu 'yan ƙasar Birnin Gwari wannan gardama ta daɗe tana ci a tsakaninmu, a ɗakunan kwana da wajen mai shayi. Wasu suna cewa da zarar kuɗi ya samu sai tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser mai ja da ƙafa huɗu, wasu kuwa suna cewa a daure a tara, a sayi fuloti, a kafa harsashi.

Kafin mu shiga gardamar ya kamata mu shimfiɗa wa waɗanda ba su taɓa zuwa ba yadda ƙasar take, gama wanda bai san ta ba zai ɗauka son jif ɗin nan ɗokin samartaka ne kurum. Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tafiyar kilomita 120 da 'yan kai daga garin Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ta bi ta Buruku da Udawa, ta wuce Tegina ta nufi Jebba da Ikko. Faɗin ƙaramar hukumar ya haura murabba'in kilomita 6,000, mutanenta kuwa sun ɗara 250,000 a ƙidayar 2006, a warwatse cikin garuruwa irin su Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi da Damari, da ƙauyuka barkatai a bayansu. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, shi kaɗai ya ci murabba'in kilomita 1,121, ga shi ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, dazuzzukan kuma sun sarƙe da na Jihar Neja da na Katsina. Kwalta ba ta da yawa. Manyanta su ne wadda ta zo daga Kaduna da wadda ta tafi Funtuwa, akasarin sauran kuwa burji ne, ko ma sawun babur. In marka ta sauka a watan Agusta, ƙoramar da yaro ke tsallakewa da rani sai ta zama kogi, fadamar da aka bi jiya sai ta haɗiye ƙaramar mota har ƙofa.

A irin wannan ƙasa bukatar mota mai ƙarfi gaskiya ce, kuma rashin adalci ne mu yi wa masu sonta dariya. Kowa a cikinmu ya san labarin mace mai naƙuda da aka ɗauko a kan babur, mutum biyu suna tallafe da ita, ana ratsa laka zuwa asibitin gari. Kowa ya san yadda mai sayen hatsi kan shiga ƙauye da kaka ya taya masara yadda ya ga dama, domin ya tabbata manomi ba shi da abin da zai fitar da ita kasuwa. Wanda ke da abin hawa shi ne ke yanka farashi. Saboda haka idan saurayi ya ce yana son motar da ba ta tsoron taɓo, ba lalle ne burinsa a gan shi ba. Wataƙila ya gaji ne da ganin gumin mahaifinsa yana tafiya aljihun mai mota.

Ita wannan mota da muke magana a kanta tana da tarihi, kuma tarihin yana cikin abin da ke ruɗar mu. A 1948 kamfanin Rover na Ingila ya fito da ita, aka fara nuna ta a wajen baje kolin motoci na birnin Amstadam. Ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa aka yi bodinta da alminiyam, watau sanholo, wanda ba ya tsatsa. Manoma aka nufa da ita tun asali, a yi ɗauka da ita, a ja kaya, a shiga gona. Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971, sa'an nan a 1990 aka raɗa wa jikarsu suna Defender, aka ci gaba da ƙera ta a garin Solihul har zuwa Janairun 2016, bayan an yi fiye da miliyan 2. A ƙasar nan ita ce motar rangadi. Da ita Di'o ya zaga, da ita malamin daji da malamin gona da masu allurar shanu suka shiga lunguna, da ita 'yan sanda suka yi sintiri. Kakanninmu da yawa motar da suka fara gani da idonsu ke nan. Daga baya ta Japan ta zo ta ture ta, wato Land Cruiser, wadda samfurinta da aka fara a 1960 ya kai har 1984, wanda ya gaje shi kuma har yanzu ana ƙera shi. Ta yi suna a hamada har yaƙin da Chadi ta yi da Libiya a 1987 aka laƙaba masa sunan Toyota. To, ɗan wannan ƙasa in ya ga irin motar nan, hukuma yake gani da iko da iya shiga ko'ina, abin da ya tashi yana jin labarinsa.

Masu goyon bayanta sukan ce da tsohuwar zuma ake magani, su kawo misalin tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda tsofaffin Land Rover suka shekara da shekaru suna ɗaukar mutane da kaya tsakanin ƙauyukan da ke kewayen Gembu. Wanda ya yi karatu cikinsu zai ƙara da cewa haka abin yake a tsaunukan Kamaron na ƙasar Maleshiya, inda manoman kayan lambu ke aiki da su, da kuma wani gari a ƙasar Darjilin ta Indiya, inda motocin shekarun 1950 ke hawa da baƙi kan dutse. Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba da kyau a ga abin da ya rayar da su a waɗannan wurare. Motocin suna da yawa a wuri guda. In ɗaya ta mutu sai a yi gadonta, a raba giyabos da aksul da sifirin ga 'yan'uwanta. Akwai makanikai waɗanda tun suna yara ita suka koya, akwai maƙera masu ƙera abin da ya ɓace a kasuwa. Garke ne ke rayar da su. Wanda kuwa ya kawo ƙwaya ɗaya Birnin Gwari, marainiya ya kawo. Makanikan tasharmu hannunsu ya faɗa a kan Golf da Sharon da Canter da babur Boxer, domin su ne ke bin hanyar kullum. Ranar da kafireto ya ƙi, ko wani haƙori ya karye cikin giya, sai mai mota ya hau ta haya ya tafi Panteka a Kaduna, in bai samu ba ya zarce Ƙofar Ruwa a Kano, in nan ma babu ya aika Ladipo a Ikko, ya zauna jira. Kaka kuwa ba ta jiran kowa.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan firamare, tun da Malam Shugaba ya ce kada a zo masa da surutu ba adadi. Land Rover samfuri na uku mai shan fetur takan yi kilomita 6 zuwa 7 da lita ɗaya a kan hanya mai kyau, in kuwa ta shiga laka aka sa mata giyar ƙarfi, abin ya fi haka muni. Zuwa Kaduna ke nan lita 20 ne a ƙiyasi, zuwa da dawowa lita 40. Kafin a janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, sa'ad da lita take wajen naira 185, wannan tafiya ba ta kai naira 8,000 ba. A watan Oktoba 2024 lita ta haura naira 1,000, watau tafiyar ta koma naira 40,000. Ko da yake farashin ya ɗan sassauto bayan haka, bai koma kusa da inda ya baro ba. Alawus ɗin mai bautar ƙasa tun daga Maris 2025 naira 77,000 ne, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000. A farashin Oktoban nan, zuwa Kaduna sau biyu ya cinye alawus ɗin wata ɗungum, har da ciko, ba a sayi baƙin mai ba, ba a taɓa taya ba, ba a sabunta takardu ba, balle a ba yaron mota na abinci.

Akwai kuma wani tarko da bodin sanholon nan ke ɗana wa mai saye. Da yake ba ya tsatsa, motar da ta shekara 45 sai a wanke ta a fesa mata fenti ta fito kamar amarya. Amma abin da ke ɗauke da bodin da injin, wanda makanikai ke kira shasi, baƙin ƙarfe ne, kuma shi laka da ruwa sukan ci shi daga ciki. Dillali zai buɗe maka inji ya tayar, ya ce ka saurari yadda take numfashi. Ba zai ce ka kwanta ƙarƙashinta da guduma ka ƙwanƙwasa ba. La'adarsa yake nema, kuma araha ba ta ado. Yawancin waɗanda suka rage a ƙasar nan sun fito ne daga gwanjon ma'aikatu, bayan an more su iyakar morewa, sun kuma bi ta hannu huɗu ko biyar kafin su zo gare mu.

Hujjar da ta fi shiga kan 'yan boko irinmu ita ce wadda muke gani a wayoyinmu, cewa wai tsohuwar Land Rover dukiya ce mai hauhawa, domin a Ingila da Amurka ana sayenta da tsada. Lalle ana saye, musamman tun da aka daina ƙera ta a 2016, kuma dokar Amurka ta yarda a shigar da motar da ta cika shekara 25 ba tare da sharuɗɗan sabuwa ba, abin da ya ƙara mata kasuwa a can. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wadda ake saye da tsadar nan ita ce wadda aka kwance ƙusa-ƙusa aka sāke ginawa, mai takardun asali, mai injinta na fari, wadda ke kwana cikin gareji ana goge ta da tsumma. Tamu kuwa da za ta yi damina uku tana jigilar masara daga Kakangi, an canja mata inji, an yi mata walda a wuri goma, ba Baturen da zai zo nemanta. Mutum ba zai yi noma da doki ba kuma ya sa ran ya ci sukuwa da shi ranar Sallah.

Sa'an nan ga abin da dukanmu muka sani, ko da yake ba ma son faɗarsa a gaban baƙi. A shekarun da hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, har matafiya suka riƙa taruwa suna jiran rakiyar jami'an tsaro, babbar mota allon talla ce ga mai ita. Masu satar mutane ba su tambayar shekarar da aka ƙera ta. Jif suka gani, mai jif kuwa a wurinsu mai kuɗi ne, ko kuma ma'aikacin hukuma, kuma kowanne daga cikin biyun bala'i ne ga wanda aka tare. Dajin da aka ce motar za ta ratsa, mai babur ne ya mallake shi, domin babur yana bin inda jif ba ta bi. Da gwamnatin jiha ta tashi matsa wa 'yan bindiga a watan Satumba 2021, ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan waya har zuwa ƙarshen Nuwamba. Mai motar haya a lokacin, da shi da wanda ba shi da ko keke duk ɗaya suke, sai dai shi yana da abin da ke lalacewa a ƙofar gida.

To, in haka ne sai a ce gardama ta ƙare, gida ya ci. Haka iyayenmu za su ce, kuma suna da hujja. Mota tana tsufa, ƙasa ba ta tsufa. Ranar da aka je nema wa saurayi aure, waliyyin yarinya ba zai tambayi irin motarsa ba, abin da zai tambaya shi ne sana'arsa, da kuma inda zai ajiye ta. A da wannan bai zama damuwa ba, domin uba kan yanka wa ɗansa sashe a cikin gida, 'yan'uwa su taru a kwaɓa ƙasa a yi tubali, kafin damina ɗaki ya tashi. Yanzu gidajen gado sun cika sun batse, an raba an sāke rabawa, kuma wanda ya yi digiri ana sa ran ya fita ya yi nasa, har ya ɗauki ƙanne. Zanen aro ba ya rufe katara, wanda ya zauna gidan haya ya san haka duk ƙarshen shekara.

Amma mu da muka girma cikin shekarun nan ba za mu karɓi wannan amsa da ido rufe ba, domin mun ga abin da iyayenmu ba su zata ba. Mun ga gida ba ya gudu. Ranar 5 ga Mayu 2018 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen Gwaska, suka kashe mutum fiye da 40, suka ƙone gidaje. Kafin wannan da 'yan makonni, a watan Maris, an kashe sojoji 11 a Doka. Bayan haka ƙauyuka nawa ne suka watse, mutane suka kwararo cikin gari ko suka wuce Kaduna da abin da kai zai iya ɗauka? Mutumin da ya shekara 20 yana tara kwano da bulo, dare ɗaya ya bar su ga gara da jemagu. A irin wannan dare wanda ke da abin hawa shi ya kwashe iyalinsa. Haka kuma shanu, waɗanda su ne bankin talakan ƙasarmu tun kaka da kakanni, su aka fara kwashewa, har ta kai a 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi domin a shiga Kamuku a ƙwato su. Saboda haka saurayin da ya ce shi ya fi amincewa da dukiya mai ƙafa, ba daga littafi ya koyo ba. Jiki magayi.

Ita ma kalmar tarawa ɗin tana bukatar a tsaya a kanta, domin a nan ne masu goyon bayan gida kan yi tuntuɓe. Tara me? In naira ce, to naira ƙanƙara ce a tafin hannu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024. Ma'anarsa, wanda ya ajiye naira 100,000 a Disamba 2023, bayan shekara guda abin da za ta saya masa wajen na naira 74,000 ne kawai, alhali ko kwabo bai taɓa ba. Dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma a Mayun 2023, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a ƙarshen 2023 ya wuce 10,000 a wannan Fabrairun. Wanda ya ce sai kuɗin gida sun cika zai fara, yana bin inuwarsa ne da gudu. Wanda kuma ya binne nasa a tukunya ya tuna abin da canjin kuɗi ya yi wa mutanen karkara a farkon 2023. Mai tsohuwar jif, duk da wahalarsa, aƙalla ƙarfe yake riƙe da shi, kuma ƙarfe yana bin dala.

Maganin wannan iyayenmu mata sun riga mu saninsa, ko da ba su karanta ilmin tattalin arziki ba. Mace in ta kwashi adashi ba ta barinsa ya kwana, sai ta mai da shi tunkiya, ko ɗan kunnen zinariya, ko fili a bayan gari. Haka ya kamata mai niyyar gida ya yi. Kuɗin farko ya tafi ga fili, a yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta, sa'an nan a bi sawun takardar hukuma, gama tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne bisa amana, kuma a jiharmu hukumar KADGIS ce ke ba da takardar mallaka. Wanda ya tsaya a kan takardar dillali kaɗai, wata rana zai tarar da wani yana haƙa harsashi a filinsa. Bayan fili, duk abin da ya samu a mai da shi bulo, domin siminti ba ya ajiyuwa, 'yan watanni kaɗan sai ya daskare a buhu, amma bulo yana jira. Bana harsashi, baɗi a kai linta, wata kakar a sayi kwano. Ɗaki ɗaya da katanga da rijiya sun isa a shiga. Abin da ya bambanta gida da mota a nan shi ne gida yana sayuwa gutsure-gutsure, kuma in ka rasa kuɗi shekara guda ba ya cin komai, yana nan inda ka bar shi. Mota kuwa dole a biya ta gaba ɗaya, kuma ko tana tsaye ci take yi, batir ya mutu, taya ta tsage, ɓera ya shiga wayoyi.

Wannan ba yau aka fara gwada shi ba. Da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ƙasar nan ta cika da sababbin motoci da babura. A zamanin, wanda ya fito jami'a aiki na jiransa, da rancen mota, da gidan gwamnati. Kaɗan ne suka ga dalilin sayen fili. Da tsuke bakin aljihu ya zo a 1982, shirin gyaran tattalin arziki ya biyo baya a 1986, kayan gyara suka gagara, motoci da yawa suka hau kan duwatsu, kaji suka samu wurin ƙwai. Masu su kuwa da suka yi ritaya aka ce su fita daga gidan gwamnati. Ku tambayi dattawan unguwarku waɗanda suka yi aiki a lokacin, za su nuna muku wanda ya sayi 504 da wanda ya sayi kango, su kuma gaya muku inda 'ya'yan kowannensu suke kwana yau.

Saura tambayar da ta fi duka nauyi, wadda ta sa muka yarda muka tsaya a gabanku: a ina za a kafa harsashin? Yawancin yayyenmu da suka samu hali cikin shekarun tashin hankali, a Kaduna suka gina, a Rigasa da Mando da wajejensu, ba kuwa wanda zai zarge su. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In malamin makaranta da ma'aikacin jinya da injiniya da lauya duk suka kafa gidajensu a Kaduna, wa zai matsa a gyara asibitin gari, wa zai yi magana in makaranta ta rushe? Mutum yana kare inda kwanon rufinsa yake. A watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, ya sāke buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekaru a rufe, motoci kuma suka koma bin hanyar. Ko sulhun zai ɗore, Allah ne masani, kuma wanda ya rasa uwa ko uba yana da haƙƙin ya yi shakka. Ra'ayinmu dai shi ne, wanda zai fara yanzu ya nemi filinsa a cikin garin Birnin Gwari ko wani babban gari na ƙasar, inda jama'a suke da yawa, kada ya yi gaggawar zuba siminti a ƙauyen da ke bakin daji. Gonar gado tana nan, a noma ta, a yi ɗakin ƙasa na zaman damina, a ga yadda shekaru biyu ko uku za su kasance.

Ita kuwa motar, ba mu ce a manta da ita ba, gama mai naƙudar nan tana nan, masarar nan ma tana nan. Abin da muka ƙi shi ne mutum ɗaya ya ɗauki dukan abin da ya mallaka ya zuba a cikinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Samari takwas ko goma na gunduma ɗaya suna iya haɗa hannun jari, kowa ya sa abin da in ya nutse ba zai nutse da shi ba, a sayi mota ta aiki. Kuma in za a saya, a bar sha'awar tarihi a gefe, a tambayi makanikan tasha wace ce suke iya gyarawa da kayan da ke cikin gari, ko da tsohuwar Hilux ce ko a-kori-kura marar kyan gani. A ɗauki direba da albashi, a buɗe littafi, a ware kuɗin gyara daga kowane lodi kafin a raba riba, a kuma rubuta tun ranar farko cewa ɗaukar majiyyaci da dare kuɗin mai kawai za a biya. Mun san abin da za a ce, wai kayan taro ba mai kula da shi, kuma mun ga injin niƙa da tarakta na ƙungiyoyi da suka mutu saboda haka. Abin da ya kashe su rashin rubutu ne da jin kunyar tambayar ɗan'uwa lissafi. In mu da aka kashe kuɗi aka koya mana riƙe littafin ciniki ba mu iya wannan ba, to da wuya a ga amfanin zamanmu a nan shekara huɗu.

Muna roƙon 'yan'uwanmu na sashen injiniya, in an tafi hutun nan, biyu daga cikinsu su shiga Panteka su jiwo mana farashin giyabos da sifirin da tayoyin irin motocin nan, na sashen gine-gine kuma su jiwo na fuloti da bulo da bandir ɗin kwano a cikin gari, a kawo wa editan mujallarmu ya buga su gefe da gefe a fitowa ta gaba. Mun kuma lura ɗan'uwanmu da zai yi magana bayanmu tun ɗazu yake nuna wa na kusa da shi hoton wata koriyar Land Rover a wayarsa, saboda haka ba za mu ƙara tsare shi ba.